Kimiyyar Harsashin Darma: Abin da Ke Sa Bindigar Albarushi Ta Sami Abin Bara a Yadi Dubu

Ranar 26 ga watan Satumba na shekarar 1874, dubban mutane suka yi cincirindo a wani fili da ake kira Creedmoor, a tsibirin Long Island da ke kusa da birnin Niyok na ƙasar Amurka, domin kallon gasar harbi tsakanin maharban ƙasar Ailan da na Amurka. Mutanen Ailan ne suka kawo ƙalubalen, don kuwa a shekarar 1873 sun kayar da Ingila da Sikotilan a gasar harbin nesa, suka ɗauki garkuwar Elcho. Kowane ɓangare ya fito da mutum shida. Kowane mutum zai yi harbi goma sha biyar a nisan yadi 800, da goma sha biyar a yadi 900, da wasu goma sha biyar a yadi 1,000, wato kimanin mita 914. Allon da ake bara faɗinsa ƙafa 12 ne, tsayinsa ƙafa 6, a tsakiyarsa kuma akwai baƙin murabba'i mai ƙafa 3 a kowane gefe, wanda samunsa ke ba da maki 4. Ba a yarda da madubin hangen nesa ba, kuma nauyin bindiga ba zai wuce laba 10 ba.

Maharban Ailan sun zo da bindigogin kamfanin Rigby waɗanda ake ɗurawa ta baki, domin a wancan zamani an yi imani cewa bindigar da ake ɗurawa ta gindi ba za ta taɓa kamo su wajen saiti ba. Amurkawa kuwa bindigogin Remington da Sharps suka riƙe, masu ɗaukar harsashi haɗe da kwansonsa. Da aka zo harbi na ƙarshe, Ailan na da maki 931, Amurka na da 930, saura mutum ɗaya, Kanar John Bodine, wanda kwalbar abin sha ta fashe ta yanke shi a hannu jim kaɗan kafin nan. Ya ɗaure hannun, ya kwanta, ya harba, harsashin ya faɗa cikin baƙin murabba'in. Amurka ta tashi da maki 934. Abin da ya ƙara wa mutanen Ailan takaici shi ne, ɗaya daga cikinsu ya sami tsakiya a wani harbi, amma a kan allon da ba nasa ba, aka hana shi makin. Tazarar maki uku ba ta isa a ce wata bindiga ta fi wata ba. Abin da gasar ta tabbatar shi ne cewa harsashin da aka haɗa da hannu, aka auna kowane ɓangarensa, yana iya tafiyar kusan kilomita guda ya sauka a wurin da bai fi faɗin ƙofar ɗaki ba.

Tambayar da ta dace ɗalibin kimiyya ya yi ita ce: me ake aunawa, kuma don me?

Albarushi da tokarsa

Harsashin irin waɗannan bindigogi abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanson tagulla, akwai 'yar hular tartsatsi a gindinsa wadda ke kamawa da wuta in an doke ta, akwai albarushi a ciki, sai kuma curin darma a baki, wanda shi ne ke fita. Sunan harsashin ma lissafi ne. Wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a shekarar 1873 ana kiransa .45-70-405, ma'ana kaurinsa inci 0.45, albarushinsa giren 70, nauyin darmarsa giren 405. Giren wani tsohon ma'auni ne na Turawa da ya samo asali daga nauyin ƙwayar sha'ir, kuma giren ɗaya daidai yake da giram 0.0648. Ke nan albarushin giram 4.5 ne, darmar kuwa giram 26 da ɗoriya.

Albarushin nan shi ne dai wanda 'yan bindiga ke ɗurawa ranar hawan Salla, wanda ke turnuƙe ƙofar fada da farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Haɗi ne na gishirin fotasiyam naitiret, wanda shi ne mafi yawa, da gawayi, da farar wuta. Gawayi da farar wuta su ne makamashi, gishirin kuma shi ke ba da iskar oksijin, shi ya sa albarushi ke ci ko a cikin rufaffen kwanso inda iska ba ta shiga. Sai dai yana da wani babban aibi. Masana biyu na Ingila, Andrew Noble da Frederick Abel, sun ƙona albarushi a cikin rufaffiyar tukunyar ƙarfe suka auna abin da ya fito, suka wallafa sakamakon a shekarar 1875. Sun gano cewa fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska ko kaɗan, toka yake zama. Ƙasa da rabi ne ke rikiɗa ya zama iska mai zafi da ke tura harsashi. Wani ɓangare na tokar shi ne hayaƙin da ake gani, sauran kuma yana manne wa cikin bututun bindiga.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan, kuma a kansu dukan sana'ar ta ginu. Na farko, albarushi ba ya iya ba harsashi gudu mai yawa. Ko an ƙara tsawon kwanso an ƙara albarushi, gudun ba ya nisa da mita 350 zuwa 450 a daƙiƙa, alhali bindigogin da suka zo bayan Bafaranshen nan Paul Vieille ya ƙirƙiro garin da ba ya hayaƙi a shekarar 1884 suna ninka wannan. Na biyu, kowane harbi yana barin bututun ba kamar yadda ya same shi ba. Harsashi na goma yana bin hanyar da ta bambanta da wadda na farko ya bi, sai fa in maharbi ya yi wata dabara.

Kunya da kwari a cikin bututu

In mutum ya leƙa cikin bututun irin wannan bindiga zai ga ba sumul yake ba. An tsaga shi kamar gonar da aka yi wa huɗa, ga kunya ga kwari, amma layukan suna murɗewa daga gindi zuwa baki. Kunyoyin nan suna nutsewa cikin jikin darmar, su tilasta mata juyawa yayin da take tafiya. Dalilin juyawar kuwa duk yaron da ya taɓa murza katantanwa ya san shi: muddin tana juyi da sauri tana tsaye a kan tsininta, da juyin ya ragu sai ta fara tangaɗi ta faɗi. Iska na dukan harsashi a wani wuri da ke gaban cibiyar nauyinsa, don haka kullum tana neman ta kifar da shi ya koma tafiya a kaikaice. Juyi ne kawai ke hana hakan.

Tun da albarushi ba ya ba da gudu, maharban nesa sun koma ga nauyi. Harsashi mai nauyi ya fi jure wa turjiyar iska, kamar yadda dutse ya fi ɓawon gyaɗa nisa in an jefa su da ƙarfi ɗaya. Kaurin bututu ba ya canzawa, saboda haka hanyar ƙara nauyi ita ce ƙara tsawo. Maharban Amurka a Creedmoor sun yi amfani da darma mai nauyin giren 550, kusan giram 36. Amma dogon harsashi ya fi gajere sauƙin kifewa, ya fi buƙatar juyi mai sauri. A shekarar 1879 wani malamin lissafi na makarantar sojojin igwa da ke Woolwich a Ingila, George Greenhill, ya fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi da har yanzu ake aiki da ita. A ɗauki kaurin harsashin darma a inci, a ninka shi da kansa, a ninka da 150, sannan a raba da tsawonsa. Amsar ita ce tsawon bututun da murɗin ya kamata ya cika zagaye ɗaya a cikinsa. Alal misali, harsashi mai kaurin inci 0.458 da tsawon inci 1.4 zai ba da kimanin inci 22 da rabi. Maharban yau sukan fi son murɗin da ya ɗan fi wannan tsanani, zagaye ɗaya a inci 18 ko 16, domin a sami rara.

Yana da kyau mai karatu ya tsaya ya lissafa abin da wannan ke nufi. Inci 18 mita 0.457 ne. Harsashin da ya fita da gudun mita 380 a daƙiƙa yana juyawa kusan sau 830 a kowace daƙiƙa, wato kusan sau 50,000 a minti. Injin motar da ke tafiya a kan babbar hanya bai cika wuce 3,000 ba.

Darmar da ba ta da taushi ƙwarai, ba ta da tauri ƙwarai

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ya fi wuya. Lokacin da albarushi ya kama, iskar da ta fito tana dukan gindin darmar farat ɗaya, tun gabanta bai ankara ya motsa ba. Sakamakon haka darmar takan ɗan gajarce ta kumbura, ta cika kwarin bututun ta toshe shi. Wannan kumburi alheri ne, domin in aka bar wata 'yar kafa, iska mai zafi za ta kurɗa ta gefen harsashin da gudun da ya fi nasa, ta zaizaye darmar ta shafe ta a jikin bututu. Harsashin da ya biyo baya sai ya bi ta kan wannan shafe ya ƙara nasa, kafin harbi goma saiti ya watse. Don haka darmar na buƙatar taushin da zai bari ta kumbura. To amma in taushin ya yi yawa, dogon hancinta ma zai lotsa, kuma ba lalle ne ya lotsa daidai ta kowane gefe ba. Harsashi ya fita da karkataccen hanci ke nan.

Maganin da aka samu tun ƙarni na goma sha tara shi ne gauraya darma da kuza kaɗan, irin kuzar nan da aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos. Ana faɗin haɗin da lambobi: kashi 30 na darma da ɗaya na kuza, ko 20 da ɗaya, ko 16 da ɗaya ga harsashi mai siririn hanci. Ana auna taurin da hanyar da injiniyan ƙasar Suwidin, Johan Brinell, ya gabatar a shekarar 1900, inda ake danna ƙwallon ƙarfe a kan abu da sanannen nauyi, a auna faɗin ramin da ya bari. Tsantsar darma tana ba da lamba kusan 5, haɗin da ake zubin waɗannan harsasai da shi kuwa tsakanin 8 da 11 yake. Kuza tana da wani amfani na biyu, wanda wasu masu zubi ke ganin ya fi na farko: tana sa narkakkiyar darma ta kwarara ta shiga kowane lungu na mazubi, gefuna su fito da kaifi.

Kaurin ma sai an auna. Ba a dogara da abin da kamfani ya rubuta a jikin bindiga, domin bututu biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya sukan bambanta. Akan tura ɗan curin darma mai taushi ta cikin bututun daga wannan baki zuwa wancan, ya ɗauko siffar kunya da kwari, a auna shi da maikuromita. Daga nan a zaɓi harsashin da ya yi daidai da faɗin kwarin ko ya ɗara shi da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Wannan milimita 0.025 ke nan, kimanin sulusin kaurin gashin kai.

Darma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, amma akan yi zubi a wajen digiri 400, a cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu da aka riga aka ɗumama. Mazubin da bai yi zafi ba yana fitar da harsashi mai tamoji da dakusassun gefuna. Matsalar da ta fi wannan ita ce wadda ido ba ya gani. Darma tana tsukewa yayin da take daskarewa, kuma in ba a bar 'yar narkakkiya a bakin mazubin ta riƙa cike gurbin ba, sai rami ya ɓoyu a cikin harsashin. Shi ya sa mai zubi na ƙwarai ke kiyaye lokaci kamar mai daka, zubi, jira, buɗewa, duk a kan ƙidaya ɗaya, domin zafin mazubin ya tsaya wuri guda. Bayan ya gama sai ya ɗora harsasan a kan ma'auni ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya gaza 'yan'uwansa da giren ɗaya ko makamancin haka ya koma tukunya, domin ƙarancin nauyi alama ce ta ɓoyayyen rami.

Wani zai ce wannan ai tsanani ne ba gaira. Lissafi bai yarda ba. In ramin ya karkata gefe, cibiyar nauyin harsashin ta bar tsakiyar bututu. A cikin bututun ba ta da zaɓi, sai ta riƙa kewaya tsakiyar. Da harsashin ya fita, babu abin da ke riƙe da ita, sai ta fice ta inda ta fuskanta a wannan lokaci, kamar dutsen da aka saki daga majajjawa. A ce cibiyar ta goce da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita kacal. Da juyi 830 a daƙiƙa, wannan na ba harsashin gudun gefe na kimanin santimita 5 a daƙiƙa, abin da zai kautar da shi santimita 12 da ɗoriya a yadi dubu. Kuma ba a san ta ina zai kauce ba, ko sama ko ƙasa, ko dama ko hagu, domin ya danganta da inda ramin ya fuskanta lokacin da aka saka harsashin.

Wani likita ɗan Amurka, Franklin Mann, ya shafe shekaru masu yawa yana irin wannan gwaji a gonarsa ta jihar Massachusetts, ya ɗaure bututu a kan ƙaƙƙarfan gado don ya fitar da kuskuren hannun mutum, yana lalata harsasai da gangan yana harbawa ta cikin jerin takardu. A littafin da ya wallafa a shekarar 1909 ya nuna cewa lahani a gindin harsashi ya fi lahani a hancinsa ɓarna nesa ba kusa ba. Dalili shi ne, in gindin bai miƙe ba, gefe ɗaya zai riga ɗaya fita daga bakin bindiga, iskar da ke baya ta fashe ta nan ta hankaɗa shi. Saboda haka ne wasu mazuban ake zuba musu darma ta hanci, domin tabon yanka ya tsaya a can, gindi ya fito sumul.

Ba a rufe zancen darma ba tare da faɗin cewa guba ce ba. Tana shiga jiki ta ƙura da hannun da ba a wanke ba, ta taru a jini da ƙashi, ta lalata ƙwaƙwalwar yara ƙanana lalatawar da ba ta gyaruwa. Abin da ya faru a ƙauyukan jihar Zamfara a shekarar 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu ɗauke da darma ta hallaka yara fiye da 400, ya isa shaida. Ɗigon ruwa guda da ya nutse cikin narkakkiyar darma kuwa yana rikiɗa tururi nan take ya watsa ta a fuskar mai zubi. Masu wannan sana'a a Amurka da Turai suna yin ta ne bisa dokokin ƙasashensu. A Nijeriya, dokar makamai ta shekarar 1959 ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba.

Kakin zuma, kitse da numfashi

A koma ga tokar nan. In aka bar ta ta bushe, takan yi tauri kamar ƙanzo a gindin tukunya, ta kankare jikin harsashin da ke wucewa. In tana da laushi kuwa, kowane harsashi zai share ta wanda ya gabace shi ya bar tasa, bututun ya zauna a hali ɗaya. Ba tsabta ake nema ba, rashin canji ake nema. Saboda haka ake yi wa jikin harsashin zobba masu zurfi, a cike su da man shafawa na kakin zuma da kitsen dabba ko man tsirrai. Maharba sun daɗe da lura cewa yawancin mayukan da aka samo daga fetur ba su jituwa da tokar albarushi, sukan haɗu su zama wani abu mai kama da kwalta. Alamar cewa man ya wadata ita ce a ga ɗan tauraron maiƙo mai laushi a bakin bindiga bayan an yi harbi.

Akwai kuma wata dabara da ke ba baƙo dariya. Bayan kowane harbi maharbi yakan saka ɗan tiyo a gindin bututun ya hura numfashi sau uku ko huɗu ko fiye. Ba hayaƙi yake kora ba. Mafi yawan tokar gishirin fotasiyam ne, musamman kabonet, wanda ke zuƙar laima da sauri, numfashin mutum kuwa cike yake da laima. A ranar zafi da bushewar iska hurawar ba ta isa, sai a koma goge bututun da jiƙaƙƙen ƙyalle bayan kowane harbi. Maharban Creedmoor gogewa suke yi, harsasansu kuma ba su da zobban mai: naɗe su ake yi da siririyar takarda zagaye biyu, ta yadda darma ba ta taɓa ƙarfe sam. Takardar na yayyagewa ta zube da zarar harsashin ya fita. Wannan zuƙar laima ita ce kuma ke sa bindigar da aka kwana ba a wanke ba ta yi tsatsa.

Me ya sa ake auna albarushi ƙwaya-ƙwaya

Harsashin da ya tashi da gudun mita 380 a daƙiƙa yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 3.1 kafin ya kai yadi dubu, kuma tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa ke janyo shi. Abin da ke faɗuwa na daƙiƙa uku yana sauka kimanin mita 44. Dole ne ke nan a ɗaga bakin bindigar, harsashin ya hau sama ya yi baka ya sauko. A ƙololuwar tafiyarsa yana kusan mita 12 sama da layin ido, ya fi rufin bene mai hawa uku. Yanzu a ce wani harsashi ya gaza ɗan'uwansa gudu da kashi ɗaya cikin ɗari. A lissafi mai sauƙi lokacin tafiyarsa zai ƙaru da kashi ɗaya, faɗuwarsa kuma da kashi biyu, tun da faɗuwa na tafiya ne da lokaci ninki kansa. Kashi biyu cikin ɗari na mita 44 ya kusa mita guda. Turjiyar iska na rage wannan bambanci, amma ko rabinsa ya isa ya fitar da harsashi daga baƙin murabba'in Creedmoor.

Don haka duk ɗawainiyar cika kwanso manufarta ɗaya ce, gudu ya zama iri ɗaya. Ana auna albarushin kowane kwanso. Ana zuba shi a hankali ta dogon bututu domin ƙwayoyin su zauna su cike gurabe daidai wa daida. Ana ɗora ɗan faifan kwali a kansa don ya kare gindin darmar, a danne shi da awo ɗaya a kowane kwanso, ba a barin sarari tsakanin albarushi da harsashi. Girman ƙwayar ma na da tasiri, domin albarushi daga fatar ƙwaya yake ci zuwa ciki: manyan ƙwayoyi sun fi jinkirin ci, su suka dace da manyan kwansuna da dogayen bututu. Bakin kwanson tagulla yakan yi tauri in an yi ta amfani da shi, ya riƙe darma da ƙarfin da ya bambanta daga wannan zuwa wancan, sai a gasa shi ya koma laushi. A ƙarshe akan zaunar da harsashin ta yadda kafaɗarsa za ta taɓa farkon kunyoyin bututu, ya shiga a miƙe. Abin mamaki, albarushin da aka cika da irin wannan kula yakan ba da gudu mai daidaito ƙwarai, bambancin 'yan mitoci kaɗan a daƙiƙa tsakanin harbi goma, abin da garin zamani ba kullum yake kaiwa ba.

Babu wani littafi da zai gaya wa maharbi haɗin da bindigarsa ke so. Gwaji ne, kuma ƙa'idarsa ita ce ta ɗakin gwaje-gwajen makaranta. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a bar sauran yadda suke, a rubuta komai har da zafin rana da laimar iska. Wanda ya canza kuza da albarushi da mai a rana ɗaya, ko sakamako ya yi kyau bai san wanne ya gyara ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yanke hukunci da harbi uku. Harsasai uku na iya faɗawa wuri ɗaya bisa sa'a kawai, shi ya sa masu hankali ke harba goma, su maimaita wata rana. Ana auna faɗin gungun hudar da minti na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri, wanda ya yi daidai da santimita 2.9 a nisan mita 100. Bindigar albarushin da ke tara harsasanta cikin minti ɗaya zuwa biyu ta kai a shiga gasa da ita.

Iska

Bayan an gama duk wannan, saura abin da ba ya shiga ma'auni. Wani hafsan sojan Faransa na ƙarni na goma sha tara, Isidore Didion, ya nuna cewa kaucewar da iskar gefe ke jawowa ba ta dogara da tsawon lokacin tafiya ba, ta dogara ne da jinkirin da turjiyar iska ta haddasa. Da babu iska a duniya, harsashin nan zai kai mita 914 cikin daƙiƙa 2.4. A zahiri 3.1 yake ɗauka. Jinkirin daƙiƙa 0.7 ke nan. A ninka shi da gudun iskar gefe, a ce mita 4.5 a daƙiƙa, irin wadda ke kaɗa ganye da ƙananan rassa, sai a sami fiye da mita 3. Daga tsakiyar allon Creedmoor zuwa gefensa bai kai mita 2 ba. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, waɗannan harsasai suna tashi da gudun da ya ɗan ɗara na sauti, wanda yake kimanin mita 340 a daƙiƙa, su ratsa wannan iyaka tun a farkon tafiya, a nan ne kuwa turjiyar iska ke canzawa da sauri. Shi ya sa ƙarin albarushi ba lalle ya rage kaucewa ba, wani lokaci ma ƙara ta yake yi. Maharbi yakan zauna da abokin aiki mai madubin hangen nesa, yana karanta tutoci da rawar da zafi ke sa iska yi a saman ƙasa, yana gaya masa minti nawa zai matsar da saiti.

Sojoji sun ajiye albarushi bayan bindigar Lebel ta Faransa ta fito a shekarar 1886, amma a shekarun 1980 aka farfaɗo da waɗannan bindigogi a Amurka a matsayin wasa, kamfanoni suka koma ƙera Sharps da makamantanta. A gasar da ta fi shahara ana jera gumakan dabbobi na ƙarfe: kaji a mita 200, waɗanda ake harbi a tsaye ba tare da madogara ba, aladu a mita 300, talo-talo a mita 385, raguna a mita 500. Ba a ba da maki sai gunkin ya faɗi daga kan mazauninsa, ragon kuwa ya fi kilo 20, abin da ya sa harsashi mai nauyi ke da daraja a nan ma. Darmar na ɗaukar kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ta isa gare shi. In ta same shi, mai madubi yakan ga ragon ya kife shiru, sai bayan wata daƙiƙa ɗaya da rabi ƙarar ƙarfen ta iso kunnen maharbin.